Motar gudu a hanyar Bande

Duk wanda ya saba zagaya wuraren sayar da motocin hannu, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram ko Kano, ya san wani abu mai ɗaure kai game da farashi. Za ka tarar da BMW 335i tana sheƙi, kujerun fata, inji mai turbo biyu da ƙarfin doki 306, amma kuɗin da ake nema a kanta sau da yawa bai wuce na Toyota Corolla sa'arta ba, wani lokaci ma bai kai ba. Alhali ranar da suka fito daga kamfani kuɗin BMW ɗin ya fi ninkin na Corolla. Ga matashin ɗan kasuwa a Bande, garin da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, wanda rake ko riɗi ko cinikin dabbobi ya yi wa albarka, ko ma'aikacin da ya daɗe yana tari, wannan kamar garaɓasa ce, dillali kuwa zai yi ta zuga shi cewa Bature ɗaya ne ya taɓa hawanta, kuma taɓa ta kawai ake yi ta tashi. To amma kasuwa ba ta yi kuskure ba. Arahar nan lissafi ce: masu saye da sayarwa sun riga sun cire daga farashin abin da motar za ta ci bayan an kai ta gida. Hujjar da nake so in kafa ita ce, ƙarkon mota bai tsaya ga ƙarfenta ba. Yana rataye ne da garin da take kwana, wato man da ake zuba mata, hanyar da take takawa, hannun da ke kwance ta, da nisan shagon da ke da kayan gyaranta. Motar da ba ta taɓa ba mai ita kunya a Jamus ba tana iya shafe rabin shekara a ƙofar gida a Bande, an lulluɓe ta da tamfol, yara suna wasa a inuwarta.

Motar gudu, irin su Golf GTI da BMW mai alamar M da Mercedes mai alamar AMG, mota ce da aka matse injinta domin ya ba da ƙarfi fiye da girmansa. Ana yin haka ta hanyar danna masa iska da turbo, ko a sa shi ya riƙa juyawa da saurin da injin gama-gari ba ya kaiwa, sannan a rage wa motar tsawo daga ƙasa don kada ta yi tangaɗi a kwana, a sa mata taya mai faɗi mai gajeren gefe, da birki manya. An ƙera ta ne da manyan titunan Jamus a zuciya, inda a wasu sassa doka ba ta yanke iyakar gudu ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan siffofi tana da amfani a can, kuma kowace ɗaya tana zuwa da sharaɗi. Injin da aka matse ba ya yafe kuskure. Corolla tana iya jure baƙin mai na banza da makara wajen juye ta ci gaba da tafiya tana ƙorafi, amma wanda aka matse, in aka yi masa haka, bugawa yake yi.

Kafin ma a zo kan yanayin ƙasarmu, a duba halin da motar ke isowa a ciki. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshinsu ya gano yawancin motocin da ake lodawa zuwa Afirka shekarunsu 16 zuwa 20, kuma akasari ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Majalisar Tarayyar Turai ta yi ƙiyasi a 2018 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na motocin hannu da ke tsallaka iyaka a cikin Turai kanta an mayar musu da agogon kilomita baya. In haka ake yi tsakanin Jamus da maƙwabtanta, ina ga motar da ta bi ta hannun dillalai huɗu kafin ta iso duwan a Gaya? Waɗanda ke zuwa daga Amurka kuma, da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci su, a gyara jiki a fesa fenti. Wannan duk ya shafi kowace motar hannu, amma ya fi tsanani a kan motar gudu saboda dalili ɗaya: wanda ya saye ta sabuwa don ya taka ta ya saya, wanda ya saye ta na uku ko na huɗu kuma yawanci ya iya kuɗin sayen ne bai iya na hidimar ba. Sai ta kai lokacin babban gyara sannan a ɗora ta a jirgi.

Kuma masu kanikanci a Turai sun san ciwon kowace ɗaya da sunansa. Injin N54 na BMW 335i yana da matsalar famfon mai mai matsin ƙarfi, har a 2010 kamfanin ya kira motoci kusan 130,000 a Amurka don gyara. Famfon ruwansa kuma na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. Golf GTI ta shekarun 2004 zuwa 2008 tana da wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba a ƙarƙashin famfon mai, wanda in ba a duba shi ba yakan cinye ya huje ya lalata sandar da ke buɗe bawul. Wasu Mercedes C350 da E350 na tsakiyar shekarun 2000 an sa musu wani haƙorin ƙarfe mai taushi a cikin inji, wanda canza shi sai an sauke injin gaba ɗaya. Manyan injinan AMG masu lita 6.2 na farko-farko ƙusoshin kan injinsu sukan yi tsatsa su karye, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya gagari gyara. A can an san lokacin da kowanne ke tasowa, ana canza kayan tun kafin ya lalace, kuma kayan yana isowa washegari.

Man fetur shi ne sharaɗi na farko, kuma a nan labarin yankin Magarya ya bambanta da na sauran wurare. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, don haka mutum zai ɗauka jihar da ke tace man ba ta da matsalar mai. Amma shekara da shekaru abin da motoci da baburan kudancin jihar suka fi sha shi ne man Najeriya mai rangwame, wanda ake tsallakowa da shi a jarkoki, 'yan ruwa-ruwa suna sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 sai lissafin ya juye, jama'a suka koma gidajen mai. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, buƙata ta ƙaru fiye da abin da matatar ke iya bayarwa, a Maris 2025 kuma aka shiga ƙarancin da ya sa dogayen layuka a biranen ƙasar. Ma'anar wannan ga mai motar yau da kullum ita ce ba kullum ne yake da zaɓin inda zai sha mai ba. Wata rana gidan mai ne, wata rana jarka ce da aka taɓa zuba kananzir a ciki, da mazurari da ƙyallen tacewa wanda ya sha ƙurar yini guda. Tsohon inji mai kafireto yana haɗiye wannan, in ya shaƙe a kwance a hura a mayar. Injin zamani na motar gudu kuwa yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ya haura bar 100 a ma'aunin matsi, alhali iskar da ke cikin tayar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗoriya ba. Ramukan nozul ɗinsa ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ko ɗigon ruwa ya ishe su. Ko man gidan mai ma ba a rantsuwa a kansa: a Fabrairun 2022 kamfanin man Najeriya da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga tashar Antwaf ta Beljiyam, bayan motoci sun fara lalacewa.

Akwai kuma maganar ƙarfin fetur ɗin kansa. Waɗannan injina an tsara su ne su sha fetur mai lamba 95 ko 98, wanda ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba. A gidajen manmu famfon fetur ɗaya ne, babu wanda zai tambaye ka wane iri kake so. Idan fetur ya gaza abin da inji ke nema, kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasar da ke faruwa a ciki sai ta rage ƙarfi don ta kare shi, kuma zafi yana ƙara tsananta abin. A taƙaice mutum ya biya kuɗin doki 300, a watan Afrilu yana tafiya da ƙasa da haka, shan mai kuwa bai ragu ba. A ɗauka mota mai babban inji tana shan lita 13 a kilomita 100, Corolla tana shan 7. A farashin 499, bambancin ya kai jika uku a kowane kilomita 100, kusan nisan Damagaram zuwa Magarya ke nan. Ga mai zirga-zirgar kullum wannan kuɗin cefanen wani gida ne.

Sai zafi da ƙura, waɗanda ke aiki tare a kan baƙin mai. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Damagaram yana haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris kuma iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana ke ɗauka shi ne wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Kamfanonin Jamus sun saba sa kwamfutar mota ta bar baƙin mai ya kai har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin ta nemi juye. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne mai tsabtar iska. Littattafan motoci da yawa suna da wani shafi da ba a cika karantawa ba, inda suke cewa in ana tafiya cikin ƙura ko tsananin zafi ko gajeruwar zirga-zirga sai a rage tazarar juye sosai, kuma wannan shafin shi ne rayuwarmu ta kullum. Turbo yana juyawa sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke raba sandarsa da ƙonewa sai siririn baƙin man da ke zagaye da ita. Injin 335i yana cin lita shida da rabi na man roba na musamman, babban injin AMG ya haura takwas, Corolla kuwa huɗu ne na man da kowane shago ke da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, man musamman ɗin shi aka fi yi wa jabu, domin shi ne mai tsada. Galan mai kyan gani da hatimi ba ya tabbatar da abin da ke ciki, haka ma filtar iska, wadda ta jabu ke barin ƙura mai laushi ta wuce ta riƙa goge cikin silinda a hankali har inji ya fara hayaƙi.

Wajen sanyaya inji ne dabarun da muka gada suka fi yin ɓarna. Al'ada ce a garejinmu, mota na isowa daga Kwatano ko Lome, a cire mata ɗan bawul ɗin nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, a ce na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye da makulli ta riƙa juyawa ba tsayawa, sannan a cika lagireto da ruwan rijiya. A tsohuwar Peugeot hakan bai cika kisa ba. A injin zamani, kwamfuta tana auna zafin ruwa ne ta yanke yawan man da za ta fesa, in inji bai kai zafinsa ba sai ta yi ta ambaliya, man ya wanke baƙin mai daga jikin silinda. Ruwan rijiya kuma, musamman inda ƙasa ke da kanwa, yana barin datti a cikin siraran hanyoyin lagireto yana cin jikin inji na alminiyum. Ga kuma robobin da BMW ke yin tankin ruwa da mahaɗan bututu da su, waɗanda bayan shekara goma sha biyar sun bushe suna jiran ranar fashewa. Injin alminiyum in ya tafasa sau ɗaya sosai kansa yakan lanƙwashe. Tsakanin allurar zafi ta tashi da inji ya tashi aiki mintuna ne kawai, kuma direban da ya ce bari in ƙarasa gari yawanci shi ke biyan kuɗin sabon inji.

Za a ce ai hanyar Bande kwalta ce, kuma gaskiya ne. Babbar hanyar RN11 da ta taso daga Damagaram ta ratsa garin ta nufi Magarya da iyaka. Sai dai motar yau da kullum ba a kan RN11 take kwana ba. Dole ta sauka daga kwalta ta shiga unguwa, ta je gaisuwar mutuwa a ƙauye, ta leƙa lambu a fadamar Korama, ta bi hanyar da amalanke ta yi wa rami biyu da tudun yashi a tsakiya. Mutanen Dungas masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis sun san irin hanyoyin da ake nufi. Tsakanin cikin motar gudu da ƙasa santimita 12 zuwa 14 ne, Hilux kuwa ta haura 20. Abin da ke rataye a ƙasan nan shi ne ƙwaryar baƙin mai, wadda a yawancinsu ta alminiyum ce, tsagewa take yi maimakon ta lotsa. Taya mai lamba 225/40 R18 gefenta santimita 9 ne, ta Corolla mai lamba 195/65 R15 kusan 13, kuma wannan bambancin shi ne ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfen wili. Abin da ya fi ban takaici, BMW da yawa na wancan zamani an ƙera su ba tare da safaya ba, domin tayoyinsu irin masu iya tafiya 'yar tazara ba iska ne, an ɗauka akwai shagon taya a gaba. Mai faci na bakin tasha ba shi da injin cire irin wannan taya ba tare da ya ji wa wilin ciwo ba. Da damina kuma, inda ruwa ke kwanciya a kan hanya, motar da ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa tana iya zuƙar ruwa, inji ya ƙame nan take.

Ma'aunin da ya fi dacewa da mai mota a Bande shi ne kwana nawa motarsa za ta yi a ajiye duk lokacin da ta lalace, domin kowace mota tana lalacewa. In famfon ruwan Corolla ko Hiace ya mutu da safe, akwai yiwuwar a samu a Magarya, in an rasa a aika direban tasha ya taho da shi daga Damagaram kafin la'asar. In na 335i ne, sai a fara buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a ce Fanteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, kuma abin da za a turo yawanci na hannu ne da aka cire daga wata motar mai shekaru irin nata. A tura hoto ta WhatsApp, a aiko da kuɗi, kaya ya iso a ga lambarsa ta saɓa da harafi ɗaya, a sake mayarwa. Wannan a lokacin zaman lafiya ke nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agusta har Maris 2024, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil kuma ta ci gaba da zama a rufe bayan nan, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Mai Toyota ya ji jiki a wannan lokaci, amma akwai tarin kayan motarsa a cikin ƙasa da gawawwakin 'yan'uwanta a kowane gareji. Mai motar da ba ta da 'yar'uwa a duk faɗin gundumar ba shi da wannan gata.

Babbar hujjar masu kare waɗannan motoci ita ce tarihi. Suna cewa ai motar Bature aka sani da ƙarko, ga Bens 200 da 190 da suka yi shekara talatin suna aiki, ga Peugeot 504 wadda ita ma ta yi tsere, har ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Hujja ce mai kyau, amma in an dube ta da kyau goyon bayan maganata take yi. 504 ta yi ƙarko a ƙasar Hausa saboda tana da tsawo daga ƙasa, ƙafafunta suna da laushi, injinta na kafireto ne da kowane yaron gareji ya haddace, kuma an shafe shekaru ana haɗa ta a Kaduna, kayan gyaranta sun cika kasuwa daga Kano har Agadas. Gasar da ta ci ma ta daji ce, ta laka da duwatsu. Tsohuwar Bens kuma inji ne babba mai ba da ƙarfi kaɗan, ba a matse shi ba, wayoyinsa ba su da yawa. Abin da ya haɗa ta da AMG ta 2009 tambarin gaba ne kawai.

Wasu kuma za su ce ba abin da ke gagarar makanikanmu, kuma ina girmama wannan magana. Mutumin da ke iya yanka gaskit daga kwali ya dawo da motar haya kan hanya cikin dare ba a raina basirarsa. Yanzu ma akwai matasa a Damagaram da Maraɗi da Kano da suka koyi aiki da na'urar binciken kwamfutar mota, tunda motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 duk suna da ramin da ake jona ta. Amma basirar da ta raya Peugeot basirar dabara ce, ta maye wannan da wancan, ita kuwa motar gudu ba ta karɓar dabara. Ƙaramar na'ura mai araha tana karanta lambar matsala ne kawai, ba ta faɗin dalilinta, kuma wasu ayyukan, kamar sanar da kwamfuta cewa an sa sabon batir ko sabon nozul, sai da manhaja ta musamman. Wasu ƙusoshin injin BMW na alminiyum ne, sau ɗaya ake ɗaure su, da awo, a jefar in an kwance. Makaniken da bai taɓa ganin irin injin ba zai koya ne a kan motarka, da kuɗinka, kuma ba laifinsa ba ne, tunda ba wanda zai sayi kayan aiki masu tsada saboda mota ɗaya a gari.

Saura hujjar da ba a cika faɗa a fili ba, wato sha'awa, kuma ni ban ɗauke ta abin kunya ba. Ƙasar da ke hawan sallah ta san daɗin abin hawa mai kyau. Amma mutanen Damagaram sun kuma san wanda ya ɗaure dokin sukuwa ya ɗauki nauyin hatsinsa da harawarsa da kanwarsa da mai kula da shi, kuma ba shi ake ɗora wa buhu ranar kasuwa ba. Gudun kansa ma ina za a yi shi? A hanyar da ke ratsa tsakiyar garuruwa, da 'yan kabu-kabu da amalanken shanu da awaki da 'yan makaranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4. Abin da direba ke buƙata da gaske shi ne ƙarfin wuce babbar mota cikin hanzari ya koma hannunsa, kuma wannan ana samunsa ba tare da an shiga duk wahalar da aka lissafa ba. Toyota Camry mai silinda shida ta 2007 tana da ƙarfin doki 268, ta fi Golf GTI ta zamaninta mai 200 nesa ba kusa ba. Injinta mai lita 3.5 ba shi da turbo, yana fesa mai ta tsohuwar hanya mai sauƙin matsi, an tsara shi ya sha fetur na gama-gari, kuma shi ne a cikin Avalon da Highlander da Sienna da Lexus ES350 da RX350 waɗanda suka cika titunan Kano. Shi ma yana da nasa ciwon, wani bututun baƙin mai na roba da kan fashe a na farko-farko, amma akwai na ƙarfe da ake maye shi da shi, kuma makanikai da yawa sun san zancen.

Wanda duk da haka zuciyarsa ta kafe a kan ta Jamus, to ya saye ta da ido buɗe. Lambar jikin mota mai harafi da adadi 17 tana nan a gindin gilashin gaba, kuma in motar daga Amurka ta fito, da ita ake binciko tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar da aka yi gwanjonta. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, domin motar da ruwa ya ci wayoyinta ba sa warkewa. A tayar da injin da sassafe yana sanyi, kada a yarda da wanda dillali ya riga ya ɗumama. A murɗa makulli a tabbatar fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu, saboda akwai masu cire ƙwanta. Kuɗin da ya rage bayan saye kada ya tafi wajen baƙin gilashi da salansa mai ƙara: a fara da canza famfon ruwa da bututai da tankin roba gaba ɗaya tun suna aiki, a mayar da bawul ɗin zafi in an cire, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a sauya wili zuwa mafi ƙanƙanta da birkin zai yarda da shi don a samu taya mai kauri, a nemi safaya, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Juye kuma a bi kilomita da ido, a daina jiran kwamfuta. Kafin a biya ko dala ɗaya, a san sunan makaniken da ke da manhajar wannan kamfani a Damagaram ko Kano, a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin wannan injin, a kuma ji nawa ake ɗaukar mota a kan babbar mota daga Bande zuwa garejinsa. Sannan a bar babur ko tsohuwar Starlet a gida saboda watannin Yuli da Agusta, da ranakun da ake jiran kaya daga Ƙofar Ruwa.